Kunnen Nomau

Tun daga Aliero take magana,
Fijon Baba, da buhu tara na albasa a bayanta.
Rami ɗaya, ƙwal.
Rami biyu, ƙwal-ƙwal.
In na karya sitiyari hagu sai ta yi ƙiii,
kamar ƙyauren ɗakin da mai shi ya yi nisa.
Na ƙure rediyo don in toshe mata baki,
ta fi rediyon naci.

A Jega, bayan tasha, gindin darbejiya,
nan Nomau yake da raminsa da bencinsa.
Bai tashi ba da na tsaya.
Goro a kunci, ya ce, “Mi tac ce maka?”
Na ce, ƙara take yi.
Ya ce, “Akuya ma ƙara takai. Wace iri?
Ƙarfe da ƙarfe, ko roba ce ta gaji?
Kan gargada, ko sai ka taka birki?
Da kaya, ko wayam?”
Na sosa ƙeya.
Shekara uku ina tuƙa ta, ban taɓa tsayawa na saurara ba.

Ya danna kafaɗarta ta dama da tafi biyu, ya saki.
Ta yi ƙasa, ta yi sama, ta ƙara, ta ƙara,
kwale-kwale a tsakiyar gulbi.
Ya shafo shokozoba, ya nuna mini yatsa baƙi ƙirin:
“Ga hawayenta nan. Ta daɗe da mutuwa.”

Arzika ya jawo jak, ya tokare da guntun icce,
taya ta bar ƙasa.
Nomau ya kama ta sama da ƙasa, ya jijjiga, gwaf-gwaf.
Boljoyin ke nan.
Ya kama ta gefe da gefe, shiru.
“Tayarod lafiya lau, kar wani ya ci kuɗinka kanta.”
Ya zura ƙarfe, ya banƙara,
bushin ya leƙo a tsattsage
kamar faso a diddigen mai noman rani.

Sabo ko gwanjo? Na lissafa a zuci,
buhu biyu suka tashi daga ribata.
Azahar ta same mu ana dukan guduma.
Noti ɗaya ya ƙi ji, ya ƙi gani,
sai da aka hasa masa wuta ya yi laushi.
Giris har gwiwar hannu,
Arzika na rigingine, ƙasa na zubo masa a ido.

Bayan la'asar muka hau hanyar Maiyama gwaji.
Na nemi rami da gangan.
Ta haɗiye shi, ba ta ce uffan ba.
Na nemi wani. Shiru.
Har na buɗe baki zan yi godiya,
sai can baya, a hankali, kal.

Nomau ya karkata kai kamar zakara.
“Tsaya. Wagga ba ta ƙafa ba ce.”

Ƙarƙashin safaya muka same ta,
sifana mai lamba goma sha uku,
naɗe da ƙyallen shuɗiyar shadda da ya ruɓe.
Na san rigar.
Na san zane ukun da aka goga da magagari a ƙotar
don kada mai aro ya manta da hanya.

Nomau ya juya ta a tafinsa, ya daɗe.
“Ta Hantsi ce. Sau biyu yaz zo nemanta,
har yac ce yarona yad ɗauke.
Sati guda ba mu gaisa ba.”
Ya yi dariya, ya share ido da bayan hannu,
giris ya bar masa tabo a kunci.
“Allah shi jiƙan shi. In naɗe maka da sabon tsumma?”

Na ce a'a.
Na mayar da ita inda take, haka nan tsirara,
na ɗora safaya, na rufe but.

Albasa ta kwana a Jega ran nan, kasuwa ta riga ta watse.
Rediyon kuwa, tun daga lokacin ban cika kunna shi ba.